Babi na Biyar: Wane Moto Za a Sa wa Jirgin?

Gangar jirgi ta bushe, fenti ya kama, an tsoma ta a ruwa ba ta yoyo. Daga nan kusan kowane matashi tambaya ɗaya yake yi: wane moto ne ya fi gudu? Idan ya kai wannan tambaya rumfar mai gyaran rediyo a Ka'oje ko a Tsamiya, amsar da ta dace da ita za a ba shi. Za a laluba kwali a zaro masa wani moto, a jona a batir, ya ji ƙara ta cika rumfa, ya biya yana washe baki. Ranar gwaji jirgin zai yi ƙugi, ya tayar da kumfa, ya ɗan zabura, kafin a jima warin waya ya tashi.

Laifin ba na mai rumfa ba ne. Jirgin ceto muke ƙerawa, kuma aikinsa ya fi gudu yawa. Ana so ya tashi duk sa'ad da aka bukace shi, ya tunkari ruwa mai ƙarfi, idan ya kusa inda za shi ya sassauta ya matsa a hankali don kada ya bangaje wanda ya je dominsa, ya tsaya wuri ɗaya ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsa, ya ja da baya, ya dawo gaɓa da sauran caji. Mutumin Ka'oje, ƙasar shanu, ba sai an koya masa bambancin dokin sukuwa da san huɗa ba. San huɗa muke nema, amma mai ɗan zafin nama.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a gaya musu amfanin jirgin ceto. A watan Satumba na 2017 wani jirgi da ya ɗebo 'yan kasuwa daga Gaya ta Jamhuriyar Nijar zuwa kasuwar Lolo ya kife a Kogin Kwara, mutum fiye da talatin suka rasu. A watan Mayu na 2021 an yi wanda ya fi shi muni a Warra, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, inda jirgi ɗauke da mutum fiye da ɗari ya nutse, kaɗan suka tsira. Allah Ya jiƙan su. Sai dai a faɗi gaskiya tun da wuri: ɗan jirgin da ke kan teburinka ba zai ja babban mutum daga tsakiyar kogi ba, kuma ba ya maye gurbin rigar ruwa. Iyakar abin da zai iya shi ne ya kai siririyar igiya inda hannu ba zai iya jefa ta ba. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya iya zaɓa wa ƙarami moto ya kama hanyar ƙera babba. A Amurka kamfanin Hydronalix ya ƙera wani mai suna EMILY, tsawonsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, ana tuƙa shi da rimot daga gaɓa, mutane su rirriƙe jikinsa. A 2016 an kai shi tsibirin Lesbos na Girka lokacin da 'yan gudun hijira ke tsallako teku a kwale-kwalen roba. Dabarar kanta tsohuwa ce. Tun 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a jirgin da ake tuƙawa ba tare da waya ba a birnin New York.

Jirgi ya ƙanƙance, kogi yana nan yadda yake

Kafin a taɓa moto, a zauna da biro da takarda. Mu ɗauki jirgin gaske mu rage shi, don mu ga inda lissafi zai kai mu. Ƙungiyar ceton rai a teku ta Birtaniya, RNLI, wadda Sir William Hillary ya assasa a 1824, tana da wani samfurin jirgi mai suna Shannon da ta fito da shi a 2013. Tsawonsa mita 13.6, nauyinsa wajen tan 18, injinansa biyu ne na Scania, kowanne ƙarfin doki 650, kuma yana gudun kusan kilomita 46 a awa. Idan aka rage shi sau 16, tsawo zai dawo santimita 85, abin da yaro zai rungumo zuwa bakin tafki.

Amma sauran abubuwa ba sau 16 suke raguwa ba. Nauyi yana raguwa ta tsawo da faɗi da zurfi gaba ɗaya, wato 16 sau 16 sau 16, wanda ya ba da 4,096. Raba tan 18 da wannan, ka sami kilo 4.4. Wannan shi ne duk abin da kake da shi: katako, moto, batir, waya, fenti, har da igiyar da jirgin zai ɗauka. Gudu kuwa wata ƙa'ida yake bi, wadda injiniyan Ingila William Froude ya tabbatar a tankin gwajin ƙananan jirage da ya gina a Torquay a farkon shekarun 1870. Ana raba gudun babba da lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 16, wato 4. Saboda haka ɗan jirginmu zai yi kama da uwarsa a kan ruwa idan yana yin kilomita 11.5 a awa, wajen mita 3.2 a daƙiƙa, saurin mutum mai sassarfa.

Lissafin ƙarfi shi ya fi ba mutane mamaki. Doki 1,300 daidai yake da wat kusan 970,000. Ana raba shi da 4,096 sau 4, wato 16,384, sai a tashi da wat 59 kacal. Ba za mu tsaya a nan ba, domin ƙaramar farfela ba ta cin ruwa da kyau kamar babba, moto yana ɓarar da wani kaso ya zama zafi, sandar farfela ma tana gogayya a cikin bututunta. Masu wannan sana'a sukan ninka adadin sau biyu ko uku. A ce wat 150, a raba wa moto biyu. Duk wanda ya ce maka sai ka sa mai wat dubu, jirgin tsere yake nufi.

Yanzu ga wurin da littattafan Turai ba za su taimake ka sosai ba, domin galibin masu rubuta su a tafkin lambu mai ruwa kwance suke wasa. Mun rage jirgi sau 16, amma ba mu rage kogi ba. Je ka bakin ruwa, auna taku mai tsawon mita 10 a gaɓa, jefa kara, ka duba agogon wayarka. Idan karan ya ci mita 10 cikin daƙiƙa 10, ruwan yana gudun mita ɗaya a daƙiƙa. A wurin ɗan jirginka wannan daidai yake da ruwa mai gudun fiye da kilomita 14 a awa a wurin babban jirgi. 'Yar igiyar ruwa mai tsayin santimita 10, wadda kwale-kwale bai ma san da ita ba, a wurinsa mita 1.6 ce. Iskar hunturu da ke kaɗa maka riga, shi guguwa ce a gare shi. Kuma Kwara ba hali ɗaya gare shi ba duk shekara: yana cika da ruwan damina mai laka wajen Agusta da Satumba, sannan wata cikar ta iso cikin sanyi, ruwan da ya sauka tun a tsaunukan Gini ya daɗe yana ratsa Mali kafin ya shigo mana ta wajen Lolo. Wanda ya auna ruwa a ƙarƙashin gadar Tuga cikin bazara ya zaci ya gama, to ya sake aunawa a ƙarshen damina.

Akwai kuma wani shinge. Jirgin da ke ture ruwa da ƙirjinsa, ba ya hawa samansa, yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanke masa. Ga mai santimita 85, iyakar tana wajen mita 1.2 a daƙiƙa. Ƙara masa wuta, sai dai ya tona rami da gindinsa ya ɗaga hanci. Ka ga ke nan a ruwa mai gudun mita ɗaya da ƙyar zai riƙa matsawa. Hanyar tsallake shingen biyu ce: ko ganga mai shimfiɗaɗɗen ciki ta baya wadda za ta hau saman ruwa ta zame, ko doguwa siririya. Sarkawa da maƙeran jiragen Yawuri sun daɗe da zaɓar ta biyu, shi ya sa injin Yamaha guda ke tura dogon jirgi maƙare da buhunan shinkafa. Mu a babin da ya gabata ta farko muka bi, don haka muna bukatar wannan wat 150 ɗin don jirgin ya iya ɗagowa.

Farfela ce ke zaɓar moto

A cikin dukan babin nan, wannan ne nake so mai karatu ya fi riƙewa. Moto ba ya taɓa ruwa, farfela ce ke taɓawa, kuma ita ke yanke yawan wutar da moto zai sha.

Ƙarƙashin ganga mai santimita 85 ba zai ɗauki farfelar da ta wuce milimita 35 zuwa 40 ba. Mu ɗauki mai 35, wadda karkatar fukafukanta ta sa a kowane juyi take neman ci gaba da milimita 50. Ruwa ba katako ba ne, yana zamewa, sai a yi asarar wajen kashi 30 cikin ɗari, wani lokaci fiye. Saura milimita 35 a juyi guda. Don a ci mita 3.2 a daƙiƙa ana bukatar juyi 91 a daƙiƙa, wato wajen 5,500 a minti. Moto kuwa idan ya ɗauki kaya yakan sauka zuwa kamar kashi uku cikin huɗu na gudun da yake yi babu kaya. Saboda haka wanda muke nema shi ne mai juyi 7,000 zuwa 10,000 a minti idan an jona shi haka nan a hannu. Wancan mai cika rumfa da ƙara ya haura 20,000.

Me zai faru idan aka ɗaura masa farfelar duk da haka? Wutar da farfela ke nema ba a hankali take hawa ba. Ninka juyi sau biyu, ta nemi ƙarfi sau takwas. Faɗinta ya fi haka tsanani: daga milimita 35 zuwa 40, bambancin da ido da ƙyar yake gani, wutar ta kusa ninkawa biyu. To moto mai son juyi 20,000 da farfela ta danne shi a 8,000 yana cikin wahala, kuma moto mai wahala wuta yake zuƙa ya mayar da ita zafi. In kuma ya fi ƙarfin farfelar, sai ta riƙa jawo iska daga sama tana juyawa cikin kumfa, ƙara ta yi yawa, jirgi na tsaye. Tsofaffin masu wannan wasa suna da ma'auni mai sauƙi: idan babu giya a tsakani, kada faɗin farfela ya wuce kaurin moton da ke juya ta. Ba ƙa'ida ce ta ilimi ba, amma ta ceci moto da yawa.

Motocin da za ka ci karo da su iri biyu ne. Na farko mai burushi, mai waya biyu, wanda wasu 'yan gawayi biyu ke goga wa wuta a ciki, irin waɗanda masu gyaran janareta suka saba canzawa. Girmansu yana bin lambobin da kamfanin Mabuchi na Japan ya yaɗa har kowa ya ɗauka: 380 kaurinsa wajen milimita 28, 540 da 550 wajen 36 (550 ya ɗan fi tsawo), 775 wajen 42. A lura, lambar girman gwangwani kawai take faɗa. Moto biyu masu lamba 550 za su iya bambanta ƙwarai, ɗaya an naɗe shi da waya mai kauri kaɗan don gudu, ɗaya da siririya mai yawa don ja. Leƙa ta ramin iska: waya siririya mai yawan naɗi, ita ce tamu. In ka ƙirga ɓangarorin abin da ke juyawa a ciki ka sami biyar maimakon uku, ka yi dace, domin mai biyar ya fi tashi a hankali ba tare da fizga ba.

Na biyu marar burushi, mai waya uku, irin na jiragen ɗaukar hoto marasa matuƙi. Ba shi da nauyi, ba shi da gawayin da zai cinye, kuma ya fi tattalin caji. A jikinsa za ka ga lamba da haruffan KV, ma'ana juyi nawa yake yi a minti kan kowane bolt. Da batir mai bolt 11.1, mai 700 zuwa 900 shi ya faɗa cikin lissafinmu. Mai 3,000 zai nemi ya haura juyi 33,000. A cikinsu ma, wanda gangar jikinsa ta waje ke juyawa ya fi wanda cikinsa ke juyawa ƙarfin murɗa farfela.

A takarda marar burushi ya yi nasara. A Ka'oje ni mai burushi nake zaɓa, kuma dalilaina ba na son tsohon yayi ba ne. Marar burushi ba ya motsi sai da akwatin sarrafa gudunsa, wanda a kwali ake rubuta ESC, kuma kowane moto da nasa akwatin. Yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa na jirgin sama ne, ba su da ribas, jirgin ceto kuwa da ba ya ja da baya bai cika ba. Masu arha a cikinsu sukan yi gargada idan aka ce su juya a hankali, daidai lokacin da ka fi bukatar natsuwar hannu. Idan akwatin ya ƙone, sai an yi oda daga Kano ko Legas, a jira mota ta kawo Birnin Kebbi, a sake jiran wadda za ta tsallako da shi. Mai burushi kuwa akwati ɗaya zai iya ɗaukar guda biyu, in ya jiƙe a ruwan kogi a shanya a ɗiga masa mai ya ci gaba, in ya mutu akwai ɗan'uwansa a tarin kayan 'yan gwangwan. Abin ceto, samun kayan gyaransa a kusa yana cikin ingancinsa.

Zancen 'yan gwangwan ya kawo mu inda za a samu. Tsohuwar na'urar huda katako mai caji tana ɗauke da 550, wani lokaci 775, amma mai zafi ne. Wanda aka yi wa bolt 18, idan ka ba shi 11 sai ya sauko kusa da inda muke so, ka haɗa shi da farfela mai milimita 30. Motocin wasan yara da suke hawa su tuƙa suna da irin wannan girman, kuma sau da yawa an rubuta bolt da yawan juyi a jiki, wanda ya rage maka wahala. Na cikin tsohuwar firinta an yi shi don bolt mai yawa, saboda haka a 12 yana juyawa cikin natsuwa, ba ya shan wuta. Ya yi wa doguwar ganga siririya kyau, amma ba zai ɗaga tamu ba. Na fanka mai caji an yi shi ne ya juya manyan fukafukai a hankali, na abin share gilashin mota nauyi ne da jinkiri, na cikin na'urar DVD kuwa sai jirgin kwali. Akwai wani da mutane ba su cika lura da shi ba: ɗan famfon bolt 12 da ake kwashe ruwa da shi daga cikin jirgi. Motonsa a rufe yake ruf, an yi shi ya zauna cikin ruwa, kuma ɗalibai masu ƙera na'urorin nutso sun daɗe suna cire masa abin tura ruwan su sa farfela.

Idan ka je wurin mai rumfa, sauya tambayar.

"Baba, mai ja nake so, ba mai ihu ba. Biyu iri ɗaya."

"To yaro, ai da haka ka ce tun farko."

Ka tafi da batirinka da mita. Jona kowanne babu kaya ka ga abin da yake sha. 550 mai lafiya irin wanda muke so bai kamata ya wuce amfiya ɗaya da 'yan kai ba. Girgiza sandar da yatsa, in tana lilo bushin ya cinye. Sannan ka juya wayoyin ka saurara, domin wasu an saita su su fi gudu ta gefe ɗaya, kuma nan gaba za ka ga abin da ya sa wannan ya dame mu.

Me ya sa biyu? Moto ɗaya ya fi arha da sauƙin ɗaurawa, amma farfela guda tana murɗa jirgi zuwa gefe, kuma farantin tuƙi na baya ba ya aiki sai ruwa na gudu a kansa, ma'ana jirgi mai moto ɗaya idan ya rage gudu ya rasa linzami. Da biyu, ɗaya na juyawa dama ɗaya hagu, murɗar ta kashe juna. Ka tura ɗaya gaba ɗaya baya, jirgi ya juya a inda yake tsaye. Wannan sai kowane moto yana da akwatinsa, kuma kuɗin ya cancanta. Dole kuma a sayi farfela ta dama da ta hagu, ba iri ɗaya biyu ba. Babban dalilin dai shi ne ciyawa. Ruwanmu cike yake da burugu da bado da kainuwa, ga guntayen koma da leda. Ranar da ɗaya ta naɗe, ɗayar za ta lallaɓo da jirgi gida.

Ciyawar nan ce ta sa ban bi Shannon a komai ba. Shi ba farfela gare shi a waje ba, ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso ta baya, abin da ya ba shi damar shiga ruwa marar zurfi har ya hau yashin gaɓa. Ana sayar da ƙananan irin wannan famfo, kuma suna da kyau ta fuskar cewa babu abin da zai yanki hannun mutum. Amma bakin zuƙarsu ƙarami ne, ganyen bado ɗaya ya isa ya toshe shi, yashi kuma yana cinye cikin. Gara a kwaikwayi jiragen RNLI da suka riga shi, irin su Mersey da Severn, waɗanda farfelunsu ke ɓoye cikin kwarin da aka yi a ƙarƙashin ganga, da kariya a gefensu. Ka ƙara zoben waya kewaye da kowace farfela.

Batir da zafi

Wat 150 a bolt 11.1 yana nufin amfiya 13.5. Ƙwayoyin batir na 18650 da ake cirowa daga tsohuwar kwamfutar cinya ba a yi su don irin wannan ja ba. Kowace ta fi jin daɗi a ƙasa da amfiya 5. Sai a jera uku-uku har layi uku, ƙwaya tara, nauyinsu wajen giram 400. Idan kowace tana riƙe da abin da ya kai 2,000 na ma'aunin da ke jikinta, za ka sami kusan minti 25 a cikakken gudu, fiye da haka nesa in kana sassautawa. Tsofaffin ƙwayoyi ba sa cika alkawarin da ke rubuce a jikinsu, a gwada kowace. Kada a cika ƙwaya ta wuce bolt 4.2, kada a zuƙe ta ƙasa da 3, kuma a sa mata ɗan allon kariya mai ɗaukar amfiya 20 ko fiye. Batirin dalma mai bolt 12 irin na fanka ko na injin riƙe wutar kwamfuta ya fi haƙuri, sai dai ya haura kilo 2, kusan rabin nauyin da aka ba mu. Wanda ya ƙera doguwar ganga zai iya amfana da shi, domin nauyi a can ƙasa shi ke taimaka wa jirgi ya miƙe idan ya kife. Saboda wannan dalili motocin ma a kwantar da su ƙasa iyakar iyawa, a ɗaure su da noti yadda ko jirgi ya yi adungure ba za su motsa ba.

Kowane moto a sa masa fiyus nasa, irin na mota, shuɗi mai lamba 15. Farfelar da ciyawa ta riƙe takan sa 550 ya zuƙi amfiya gommai cikin ƙiftawar ido, kuma gara fiyus ya tafi da jirgi ya kama wuta a tsakiyar ruwa. Tartsatsin burushi yana damun rediyo. Tsofaffin rimot masu megahaz 27 sun fi shan wahalarsa, na yanzu masu gigahaz 2.4 da sauƙi, duk da haka a ciro 'yan kafasita masu lamba 104 daga mataccen rediyo, a liƙa ɗaya tsakanin ƙafafun moto biyu, ɗaya-ɗaya kuma daga kowace ƙafa zuwa gwangwani. Eriya ta tsaya sama da bene, domin wannan zangon ba ya ratsa ruwa. A saita rimot yadda in sadarwa ta yanke motoci za su tsaya.

Zafi kuwa namu ne na gado. A watan Afrilu, iskar waje ta haura digiri 40, cikin rufaffen jirgin da rana ke duka ya fi haka, moto bai ma fara aiki ba. Mayen ƙarfen da ke cikin moto yana rasa ƙarfi idan ya gasu, kuma na cikin marar burushi tun daga wajen digiri 80 yake fara lalacewa. Maganin da aka saba shi ne a naɗe moto da siririn bututun jan ƙarfe, irin na tsohon firji, a ɗebo ruwa daga bayan farfela ta tiyon man babur, ya zaga ya fita ta gefe inda ido zai gan shi. A ruwan damina mai laka bututun yana toshewa, don haka kada ka dogara da shi ya rufe maka kuskuren lissafi. Moton da aka zaɓa daidai da farfelarsa ɗumi kawai ya kamata ya yi.

Gwajin farko ba a kogi ake yinsa ba. Nemi babban baho ko kwamin ban ruwa, ɗaura igiya a bayan jirgi ka maƙala ta a sikelin rataye irin na masu awon kaya, sa mita a layin moto ɗaya, ka tura wuta a hankali. Yawancin mitocin hannu amfiya 10 ce iyakarsu, kuma na ɗan lokaci, kada ka daɗe. Rubuta abu biyu: nawa ya ja a sikeli, nawa ya sha a mita. Canza farfela ka sake. Wadda ta fi ja a kan kowace amfiya ita ce taka, ko da wata ta fi ta tayar da ruwa. Jirgi a ɗaure ya fi shan wuta a kan jirgi mai tafiya, saboda haka in ya tsallake wannan, ya tsallake mafi wuya. Bayan minti biyu ɗora yatsa a kan moto. In ba za ka iya ƙirga biyar ba, rage faɗin farfela, ko ka sa bel ya rage juyin. In moto ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi, duba ko sandarsa ta miƙe daidai da ta farfela, domin 'yar karkata kaɗan tana cin wuta fiye da yadda ake zato.

Daga nan sai tafki marar zurfi, irin wanda shanu ke sha, da siririn zaren fatsa ɗaure a jirgin. Kada kowa, babba ko yaro, ya faɗa ruwa don ɗauko jirgin da ya mutu a tsakiya. A jawo shi da zare, ko a jira iska ta kawo shi, ko a roƙi mai kwale-kwale. Ranar da za a kai shi Kwara a fara gaida Sarkin Ruwa a gaya masa, shi ya san inda ruwa ke juyi da inda dorina ke kwana. Kuma tunda bakin iyaka muke, ga jami'an tsaro ko'ina, abu mai eriya da rimot yana jawo tambaya. A sanar da mai gari da jami'an da ke wurin kafin a kunna.

Ga mai ganga irin tamu, mai santimita 85 da kilo huɗu da 'yan kai, abin da zan sa shi ne 550 guda biyu masu burushi, masu juyi tsakanin 7,000 da 10,000, farfela ta dama da ta hagu masu milimita 35, akwatin sarrafa gudu biyu masu ribas waɗanda kowanne ke ɗaukar amfiya 30 ko fiye, da ƙwayoyin batir tara. Wanda yake da ɗan'uwa a Kano ko Legas da zai aiko masa da marar burushi mai KV 800 tare da akwatin jirgin ruwa mai ribas, ya sa, zai rage kusan giram 300 ya ƙara minti a kan ruwa. Ya dai ce a aiko da akwati uku, ɗaya na ajiya. Ko wanne ka sa, bayan kowace fita a buɗe bene, a tsane ruwa, a ɗiga mai a bushin, a cusa giris a bututun sandar farfela, a cire batir a ajiye shi a inuwa. Yadda za a jona waɗannan duka da rimot, da saita sandunan tuƙi don moto biyu, shi ne aikin babi na shida.